Yadda Injiniya Daga-Tushe Ya Sauya wa Tuwo Suna

Duk wanda ya ce ƙasar Kazaure ba ta haifi gwarzo a fagen kwamfuta ba, to bai taɓa ratsawa ta ƙofar ofishin Gamayyar Manoman Tudu da Fadama da hantsi ba, lokacin da Injiniya Sharfuddeen Maikasuwa yake saukowa daga kan babur. Shi ba ya sauka kamar sauran bayin Allah. Sai ya fara miƙo ƙafar dama ta gaisa da ƙasa, ya gyara jakar baya, ya tura tabarau sama da ɗan yatsa guda, sannan ya waiga hagu da dama ya ga ko duniya ta lura. A wuyansa akwai igiya mai ɗauke da filas, 'yan na'urorin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, har bakwai, suna kacau-kacau kamar layun ɗan dambe. Shida babu kome a cikinsu. Ta bakwai ta mutu tun bara, amma ita ta fi sheƙi, shi ya sa take gaba.

Injiniyancin nan ba wata makaranta ce ta ba shi ba, kuma wannan shi ne abin yabo. Kowa na iya zama injiniya in an ba shi takarda. Namiji shi ne wanda ya wayi gari ya ga sunansa ya yi masa kaɗan, ya ƙara masa da hannunsa. Ya taɓa yin kwas na wata uku a Kano, a wani bene da ke saman shagon taya. Idan yana ba da labarin zamanin sai ya lumshe ido ya ce, "lokacin da nake waje."

Akwai aƙida guda da ya riƙe kamar igiyar guga. Ita manhaja, wato shirin da ke sa kwamfuta ta yi aiki, iri biyu ake samunta. Akwai wadda aka riga aka haɗa, sai dai ka ɗora ka ci gaba da sha'aninka. Akwai kuma ɗanyen rubutunta, wanda ake kira tushe, da mutum zai sauko da shi ya sa injin ya haɗa masa da kansa. Injiniya ya tsani ta farko kamar yadda akuya ta tsani ruwan sama.

"Ni ba na cin dafaffe," yake cewa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Haɗaɗɗiyar manhaja abincin 'yan koyo ce. Gwani daga tushe yake farawa. Daga tushe!"

Ya faɗa a wurin ɗaurin aure, ya faɗa a wurin mai shayi, har a zaman makoki ya taɓa faɗa. Ba a jima ba 'yan acaɓan da ke ɗaukar fasinjan Roni suka raɗa masa suna. Da ya ɓullo sai su haɗa baki, "Daga-Tushe!" Shi kuma ya ɗaga musu hannu a hankali, yana jin an naɗa shi sarautar da ba ta buƙatar rawani.

Kwamfutar ofishin guda ɗaya ce tak. Wata ƙungiyar tallafa wa manoma ce ta kawo ta, da tsarin Linux a cikinta, kuma aikinta bai wuce ɗaya ba: ta riƙe sunayen manoma, ta buga wa kowa kati mai hotonsa. Da aka kawo ta, an turo malami ya yi kwana uku yana koyar da yadda ake sarrafa ta. Injiniya ya yi kwanakin nan uku a babban tebur, yana gyara wa malamin lafazin Turanci. Sakatariyar ofis, Malama Halima Sa'adiyya, wadda ta shekara ashirin da biyu tana buga takardu tun zamanin tafireta, ita ce ta zauna a benci ta rubuta duk abin da aka faɗa a wani littafi mai baƙin bango. Injiniya ya ga littafin ya ji tausayinta. Mutum ya rinƙa rubuta abu, ai alamar ƙaramar ƙwaƙwalwa ce.

To, ran Lahadi aka yi ruwan shuka, irin wanda ke sa tsoho ya fito tsakar gida ya shaƙi ƙamshin ƙasa yana murmushi. Ran Litinin saƙo ya iso cewa motar ingantaccen irin gero da gyaɗa za ta zo ran Alhamis. Sharaɗin ƙungiyar da ke rabon guda ne: babu kati, babu iri. Manoma ɗari huɗu da sha biyu ne a jerin, daga Roni da Gwiwa da Babura da Achilafiya. Ran Laraba Malama Halima ta tafi Roni ɗauko hotunan waɗanda suka rage, da niyyar a buga katunan duka da safiyar Alhamis, aikin da bai wuce awa uku ba. Ta bar kwamfuta lafiya ƙalau. Kuskurenta ɗaya, ta bar ta da Injiniya.

Ranar nan ya sanar da cewa zai "haɓaka tsaron bayanai." Ya sauko da tushen wata manhaja daga intanet, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa injin umarni, ya saki aiki. Rubutu ya fara gudu daga ƙasa zuwa sama, fari a kan baƙi, kamar tururuwa sun ga sukari. Injiniya ya juyo da fuskar kwamfutar ta kalli ƙofa, ya fito ya tare masu wucewa.

"Jama'a, ku matso ku ga ilimi yana tafiya da ƙafarsa! Duk layin nan da kuke gani, ni na san abin da yake cewa. A duk faɗin Jigawa mu uku ne muka iya wannan. Ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ni na koya masa."

Mai rake ya leƙo, ya yi salati, ya koma bakin rakensa.

Can rubutu ya tsaya cak. Sabuwar manhajar ta ce ba za ta haɗu ba sai an kawo mata laburaren hoto mai lamba sha shida, na cikin injin kuwa mai lamba sha biyu ne. Laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne. Ɗan ƙaramin fayil ne da manhajoji da yawa suke tarayya a kansa, kamar injin niƙa guda a unguwa: mai gero ya kawo, mai dawa ya kawo, mai wake ya kawo. Wannan na hoto shi ne duk wata manhaja take zuwa wurinsa in tana son ta nuna hoto, ko da ɗan tambarin da ake latsawa ne. Kowace kuma ta saba da lambar da aka gina ta a kai.

Injiniya ya sauko da tushen mai lamba sha shida, ya haɗa shi, ya ɗora. Daga nan ya dubi tsohon ya ji ransa ya ɓaci. Sha biyu! A ofishin da yake ganin shi ke shugabanta! Yaro ma ya san sha shida ta fi sha biyu. Ya tsige shi daga mazauninsa, ya wurga shi wani lungu da ya ƙirƙira nan take a cikin injin, ya kakkaɓe hannu. Sabuwar manhajar ta haɗu, ya juya allo ya wuni yana aiki a cikinta shi kaɗai. Da la'asar ya kulle ofis ya bar injin a kunne, ya hau babur yana jin iska ma ta san wanda take kaɗawa.

Alhamis tun da sassafe farfajiyar ofis ta cika. Babura a jere, kekuna a jingine, amalanke biyu daga Gwiwa da shanunsu suna tuƙa a inuwar darbejiya. Motar iri ta iso da hantsi, direba ya sauko ya faɗa a gaban kowa cewa da an yi la'asar zai ɗaga, saboda akwai wasu garuruwan da ke jiransa. Shugaban gamayya, Alhaji Muhammadu Lawal, dattijo mai sanyin magana, abokin marigayi mahaifin Injiniya, ya ce ai kafin azahar ma an gama.

Malama Halima ta zuba hotunan Roni, ta latsa manhajar kati. Shiru. Ta sake latsawa. Sai ga layi guda ya fito da Turanci, ma'anarsa dai: na nemi laburaren hoto mai lamba sha biyu, ban same shi ba, ba zan tashi ba.

Injiniya ya ture ta da gefen riga ya zauna.

"Ƙaramin abu ne. Wuta ce ba ta kai ba."

Aka hau rufi aka goge gilashin sola. Layin yana nan. Ya ce zafi ne, aka kawo mafici aka yi ta yi wa injin fifita kamar mai jego. Layin yana nan. Sai ya miƙe ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Iyayena manoma, ba zan ɓoye muku ba. An kawo mana hari. Masu kutse ne daga manyan ƙasashe, sun daɗe suna bibiyata. Ba ku suke nema ba, ni suke nema. Amma sun taɓo wanda ya fi ƙarfinsu."

Wani tsoho daga Gwiwa, Kawu Daudu, dogo siriri mai malfa, ya karkata kai ya tambayi na kusa da shi ko su manyan ƙasashen ba a yi musu ruwan shuka ba ne, da har suka sami sukunin bibiyar Sharfuddeen.

A ciki Malama Halima ta ce a hankali, "Injiniya, ko mu bi abin da ta rubuta? Ta faɗi abin da ta rasa."

"Malama," ya ce, bai ko dube ta ba, "gwani ba ya karanta saƙon kuskure. A jikinsa yake jin sa."

Gaskiyar magana, ya karanta, ya kuma gane sarai. Matsalar ita ce ya manta lungun da ya wurga tsohon laburaren. Ya tuna ya yi dariya lokacin da yake raɗa wa lungun suna, amma sunan ya bi iska. Sai wata dabara ta faɗo masa, mai kyan da har ya so a ce da ɗan jarida a wurin. Tunda manhajar kati sha biyu take nema, me zai hana ya liƙa wa sabon laburaren sunan tsohon? Injin ai ba ido gare shi ba. Ya rubuta umarni, ya ɗaura wa sha shida alamar sha biyu, ya tafa hannu.

"A shirya layi! Daga tushe na gyara ta!"

Manoma suka miƙe suna kakkaɓe riguna. Ya latsa. Manhajar ta yi kamar za ta buɗe, ta leƙa, ta dawo da sabon layi wanda ya fi na farko tsawo: sunan dai na sha biyu ne, amma abin da ke ciki ba shi ba ne, ban san wannan baƙon ba. Ashe ko an sauya wa tuwo suna, baki ya san abin da ya ci.

Saura magani guda da ya rage a ilimin da aka samo daga waje: a kashe a kunna. Malama Halima ta buɗe baki za ta ce kada, yatsansa ya riga ta. Injin ya mutu, ya farfaɗo, ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya tsaya. Babu tambari, babu kibiyar linzami, babu ko koren hoton gonar da ke bango. Duk abin da ke zana fuskar kwamfutar, a wancan injin niƙan yake niƙa. Tun jiya kwamfutar tana tafe ne da abin da ta riga ta ɗauko, yanzu da ta tashi nema ta tarar da wayam. Baƙin allo kawai, da wani ɗan farin ɗigo yana ƙifta ido kamar mai tsegumi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Madalla!" Injiniya ya ce. "Yanzu muka shiga matakin ƙwararru. Da gangan na kawo ta nan."

Ya zaro waya ya shiga intanet, duk umarnin da ya gani a shafin farko sai ya kwafa ya zuba, bai tsaya ganin na wace cuta ba ne. Injin ya yi ta mayar masa da martani iri-iri, kowanne ya fi na baya rashin kunya. Ya yi tunanin sake haɗa manhajar katin daga tushe, ya tuna ba a ba su tushenta ba. Ya dubi taga. Tagar tana da ƙarafa masu kauri, waɗanda shi da kansa ya matsa aka saka saboda tsaro.

Aka kira azahar. Ba a taɓa ganin Injiniya ya daɗe a masallaci kamar ranar ba. Ya yi farilla, ya yi nafila, ya ƙara nafila, ya ja carbi har liman ya fara kallonsa da sha'awa. Da ya dawo, farfajiya ta sauya murya. Hira ta ƙare, sai gunaguni. Ƙasa tana shan iska tana bushewa, kowa ya san kwana nawa danshi yake jira. Wata dattijuwa daga Achilafiya ta ce ita gonarta a share take tun Litinin, ta ƙi shuka tsohon iri saboda an ce ta jira wannan. Direba ya kunna mota ya kashe, don dai a tuna da shi.

Injiniya ya koma kujera ya gyara zama zai fara sabon jawabi kan yadda ake yaƙin kutse a duniya. Alhaji Muhammadu Lawal ya shigo, ya tsaya a kansa.

"Sharfu."

Rabon da a kira shi haka tun yana tallan ƙosai. Filas bakwai suka yi tsit a ƙirjinsa.

"Na'am, Baba Alhaji."

"Tashi ka ba Malama wuri."

Ya tashi. Amma kada a ce ya faɗi, sai ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu, ya sanar da waɗanda suka cika ƙofa cewa zai ba ɗalibarsa dama ta gwada, a ƙarƙashin kulawarsa.

Malama Halima ta saka tabaranta mai ɗaure da zare, ta buɗe littafin nan mai baƙin bango, ta lasa yatsa ta juya shafi. Da yatsu biyu take bugawa, ba gaggawa. Ta rubuta haruffa uku, ldd, ta bi su da sunan manhajar kati. Wannan umarni ne da ke sa manhaja ta lissafo duk laburaren da take aro da inda take zuwa ɗauko kowanne. Jeri ya fito. Ta bi shi da farce har ta iso kan sha biyu, ta ga kibiyarsa tana nuni zuwa ɗakin sha shida.

"Ga ƙaryar nan," ta ce, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta cire alamar bogi.

"Daidai," in ji Injiniya. "Tarko ne na ɗana."

Ta tambaye shi inda ya kai na asalin. Ya ce sirrin aiki ne. Ba ta ja ba, ta sa injin ya bincike cikinsa kaf. Bayan ɗan jim ya fito da amsa, manya-manyan haruffa a tsakiyar allo. Tsohon laburaren yana kwance a wani lungu mai suna TARKACEN 'YAN KOYO. Wani malamin makaranta da ke bakin ƙofa ya karanta da ƙarfi don na baya su amfana.

Ta mayar da shi mazauninsa. Sabon kuma ba ta jefar ba, ta keɓe masa ɗaki nasa shi kaɗai, ta nuna wa manhajar Injiniya hanyar ɗakin, don kowa ya niƙa a inda ya saba. Ta ba da umarnin da ke sa injin ya sake kiran sunayen laburarensa ɗaya bayan ɗaya ya san wanda ke nan. Ta yi bisimilla ta kashe ta kunna.

Koren hoton gona ya dawo. Ta latsa manhajar kati, ta buɗe kamar ba ita ba. Firinta ta yi tari, ta ja numfashi, ta tofo katin farko da fuskar wani bawan Allah daga Babura yana zare ido. Farfajiya ta ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, har shanun Gwiwa suka miƙe tsaye. Duka aikin bai kai a dafa shayi a sha ba.

Daga nan sai gudu. Firinta tana tofowa, ana yankawa, ana kiran suna, buhu yana sauka. Alhaji ya roƙi direba arziki, ya sa aka kawo masa fura mai sanyi, ya yarda ya ƙara awa guda bayan la'asar. Dattijuwar Achilafiya ta ɗaura ƙullin gyaɗarta a ka tana ta sa wa Malama Halima albarka har ta fita daga farfajiya. Kafin rana ta yi ja an sallami mutum ɗari huɗu da sha biyu, mota ta tashi wayam.

Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya sulale ta bayan ofis. Injiniya kuwa ya hau kan benci.

"Iyayena, kun ga abin da ake kira horarwa! Shugaba na gari ba ya yin kome da hannunsa. Na rikita injin nan ne don in auna Malama, kuma ina mai farin cikin sanar da ku ta ci jarrabawa, duk da akwai 'yan gyare-gyare. Wahalar da kuka sha ta yau, farashin tsaro ce. Manhajar da na haɗa jiya daga tushe, ko a manyan bankuna ba kowa ke da irinta ba."

Alhaji Muhammadu Lawal ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce tunda saboda ita aka wuni a rana, ya kamata jama'a su gan ta, su san abin da ke tsare su. Ya ce Malama ta buɗe.

Injiniya ya diro daga benci. Ya ce ba a buɗe ta a gaban jama'a. Ya ce tana buƙatar kwana uku ta huce. Ya ce akwai haɗari ga masu hawan jini. Kafin ya kai ga dalili na huɗu, Malama Halima ta latsa, kuma tunda ta riga ta nuna wa manhajar hanyar laburarenta, sai ta buɗe tsaf, ta dawo da aikin ƙarshe da aka bari a cikinta.

Manhajar gyaran hoto ce.

Hoton ya cika allo. Wani ƙasaitaccen zaure ne na wata ƙasa mai nisa, da fitilu da tutoci. A tsakiya wani dogon mutum cikin baƙar kwat yana karɓar kofin zinariya, hannuwansa farare tas, da jan gashi a bayansu. A saman kwat ɗin kuwa, an yanko kan Injiniya Sharfuddeen Maikasuwa da hularsa da tabaransa an ɗora, yana murmushin nasara. Aikin bai ƙarasa ba. Kunnen hagu ya ɓace, kuma kan ya ninka kafaɗun faɗi, ya yi wa jikin rumfa kamar an kifa ƙwarya a kan tabarya.

Kawu Daudu ya ajiye buhunsa, ya ratso mutane, ya cire malfa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya dubi Injiniya, ya sake duban hoton, kamar mai shaidar akuyar da ta ɓata.

"To, ɗana," ya ce, "jikin nan dai ban san mai shi ba, Allah ya mayar masa da abinsa. Amma girman kan, ko a gaban alƙali zan rantse naka ne."